Kafin Ka Miƙa Hannu Ga Rediyon Mota

Ƙannena maza da mata da kuka fara riƙe sitiyari, da ku da kuke ɗokin ranar da za a miƙa muku makulli, akwai wani abu a gaban mota da babu mai koya muku shi. Wanda ya koya muku tuƙi zai nuna muku giya da birki da totur, zai ce ku duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin ku tayar da inji, amma da wuya ya tsaya ya yi muku bayanin rediyo. Ana ɗaukarsa abin wasa, abin da ko yaro zai iya latsawa. Alhali in an cire sitiyari da giya, babu abin da hannun direba ke yawan kai wa kamarsa. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, yawancin abin da matashi ke kira lalacewar rediyo ba lalacewa ba ce, ɗabi'ar igiyar rediyo ce da yanayin ƙasar da motar ke ratsawa. Rashin sanin haka kuwa yana cin kuɗin aljihu, yana cin ji, wani lokaci har ya ci rai.

Mu fara da ran, tunda shi ne ba a samun wani a kasuwa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuyar da kai na daƙiƙa biyu kacal yana neman tasha, ya yi tafiyar mita 56 ke nan bai ga titi ba. A cikin wannan tazara akuya na iya tsallakowa, mai babur na iya shan kwana ba sigina, tirelar da ke gaba na iya taka birki. Shi ya sa a 2013 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta shawarci masu ƙera motoci da su tsara na'urorin gaban mota ta yadda babu aikin da zai ɗauke idon direba fiye da daƙiƙa 2 a kallo ɗaya, ko daƙiƙa 12 in an haɗa jimilla. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. To me ke kai hannun direba kan rediyo yana cikin gudu? Sau da yawa murya ce ta fara yankewa, sai ya shiga murɗawa da latsawa da bubbugawa, yana zaton akwai abin da zai iya gyarawa. Da ya san dalilin yankewar, da ya gane babu abin da yatsansa zai tsinana, ya bar idonsa inda ya kamata.

Rediyon mota yana kama zango biyu, kuma halinsu ya sha bamban. A tsarin AM, wato matsakaicin zango, ana ɗora murya ne a kan ƙarfin igiyar, tana kumbura tana sacewa daidai da maganar mai gabatarwa. A tsarin FM, wanda Ba'amurke Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, ƙarfin igiyar ba ya motsi, saurin kaɗawarta ne ke ɗan ƙaruwa yana raguwa. Wannan bambanci shi ne tushen komai. Tartsatsin lantarki, na walƙiya ne ko na inji, yana shiga ne ta ƙofar ƙarfin igiya, saboda haka AM ke kwashe shi tare da murya, FM kuma ya tace shi ya zubar. Sai kuma batun tsawo. Tashar da ke kan megahaz 100, igiyarta na kaɗawa sau miliyan 100 a daƙiƙa, kuma tsawon kowace igiya mita 3 ne. Lambar da aka san Rediyon Najeriya Kaduna da ita a matsakaicin zango, kilohaz 594, tsawon igiyarta ya haura mita 500. Doguwar igiya tana bin doron ƙasa, tana zagaye tudu da gini ta wuce. Gajeriya ba ta da wannan baiwa.

Igiyar FM tamkar hasken tocila take: inda ta hango nan take haskawa, abin da ya tsaya a gabanta kuma sai ya yi inuwa. Duniya kuwa a dunƙule take, don haka ko a fili fetal irin na ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi, inda babu dutsen kirki, gantsarewar ƙasa ita kanta katanga ce. Hasumiyar da ta kai mita 100 tana hango abin da bai wuce kilomita 40 zuwa 50 ba, kuma kafin a ninka wannan nisa sai an ninka tsawonta sau huɗu. Ƙarfin na'urar watsawa yana ɗan ƙara nisa, amma ba ya huda ƙasa. Saboda haka wanda ya taso daga Kano yana sauraron Freedom a kan 99.5, ya bi hanyar Kaduna mai tsawon fiye da kilomita 200, kada ya yi mamaki in muryar ta fara shaƙewa a hanya, ta koma shuu, ta ɗauke gaba ɗaya. Rediyonsa lafiya lau yake, tashar ma lafiya lau take. Motar ce ta fita daga inda hasumiyar ke gani. Ko sabon rediyo ya saya ranar, iyakar abin da zai ƙara masa 'yan kilomitoci ne. Wannan ne ma dalilin da ya sa gidan rediyo ɗaya ke kafa tasha a Kano, ya kafa wata a Kaduna, wata a Dutse. Tashar da aka kafa a tudu irin na Jos, mai tsawon fiye da mita 1,200 daga teku, tana cin nisan da ta kwari ba ta ci, amma da mota ta gangara Hawan Kibo duwatsu suka shiga tsakani, sai labari ya canza.

A cikin gari kuma wata matsalar ce daban, kuma ita ta fi ruɗa mutane, domin ga hasumiya nan kusa ana gani amma murya na tsattsagewa. Abin da ke faruwa shi ne igiyar na isowa mota ta hanya fiye da ɗaya: wata kai tsaye, wata bayan ta daki bene ko tankar mai ko dutse irin Zuma ta dawo. Wadda ta yi zagaye tana makara kaɗan, to a wani wurin su biyun su haɗu su ƙarfafa juna, a wani wurin su kashe juna. Da yake igiyar mita 3 ce, tsakanin wurin da ake ji da wurin da ba a ji bai kai taku biyu ba. Shi ya sa in ka tsaya a danja murya ta lalace, da ka ɗan matsa gaba kaɗan sai ta dawo garau. Shi ya sa kuma in kana tafiya a hankali tsakanin dogayen gine-gine kake jin fat-fat-fat a kai a kai. Ƙarƙashin gada ma haka, ƙarfen da ke cikin kankare yana tare igiya, da ka fito ta dawo. Akwai kuma wani hali na FM, in tashoshi biyu suka zo a lamba ɗaya ko makusanciya, rediyo ba ya cakuɗa su, mai ƙarfin yake riƙewa ya saki ɗayar. A tsakanin garuruwa biyu sai ka ji wa'azi ya rikiɗe ya zama tallar magani, can kuma wa'azin ya dawo. Ba aljanu ba ne. Sautin sitiriyo, mai raba kiɗa hagu da dama, yana buƙatar igiya mai ƙarfi ninkin-ba-ninkin wadda sauti guda ke buƙata, don haka rediyoyi da yawa ke komawa sauti guda da kansu in igiya ta yi rauni, su kuma rage kaifin murya don ɓoye shuu. Wanda bai sani ba sai ya ce lasifikarsa ta mutu. Wani lokacin ma akasin haka ake gani: da sassafe, in iska mai ɗumi ta kwanta a kan mai sanyi, igiyar FM takan lanƙwasa ta yi nisan da ba ta saba ba, ka ji tashar wata jiha tangaram, rana na ɗagawa ta ɓace. Kyauta ce ta yanayi, ba a neman ta a shagon gyara.

Matsakaicin zango kuwa agogonsa rana ce. Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa 90, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cika shi da cajin lantarki. Da rana wannan sashe yana shanye igiyar AM da ta nufi sama, sai a dogara da wadda ke bin ƙasa kaɗai. Da rana ta faɗi sai ya watse, igiyar ta samu hanya ta kai ga sassan da ke samansa, daga kilomita 100 zuwa sama, su kuma su maido ta ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Masanin Ingila Edward Appleton ne ya tabbatar da wanzuwar wannan rufi a gwajin da ya yi a 1924, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1947. Wannan ne sirrin da ya sa direban dare ke kama tashoshin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, da Larabci da Faransanci da harsunan da bai sani ba, da gari ya waye kuma ya neme su ya rasa. Shi ne kuma dalilin da murya ke tashi tana faɗuwa da dare, domin igiyar sama da ta ƙasa suna haɗuwa, rufin kuma ba a tsaye yake cak ba. Iyayenmu da suka tashi da gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, suka kuma saba laluben mita 49 da mita 25 a gajeren zango, sun san wannan hali a aikace ko da ba su san sunansa ba; sun iya haƙuri da murya har ta dawo. Da damina kuma kowace walƙiya, ko tana nesa ba ka ji tsawarta ba, sai ta yi ƙarar ƙas a AM. Wucewa ƙarƙashin manyan wayoyin wuta ma yana kawo gurnani na ɗan lokaci. Duk waɗannan ba su da magani a hannun direba.

Akwai dai damuwar da daga cikin motar take fitowa, ita ce kuma ta cancanci a kashe mata kuɗi. Gane ta ba wuya. Ka faka a fili, ka kashe inji, ka bar rediyo a kunne. In ƙarar ta ɗauke, to daga motar take. In kuwa kuka ne siriri da ke tashi in ka taka totur ya sauka in ka saki, wannan na altaneta ne, kuma galibi wayar da ke haɗa rediyo da jikin mota ce ba ta kama sosai ba. In tas-tas-tas ne mai bin bugun inji, a duba fulogi da wayoyinsu. Amma kafin ka je wurin kowa, ka zare cajar wayarka daga soket. Cajoji masu arha suna aiki ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai a daƙiƙa, kuma in ba a sa musu matatar kirki ba sai su zama ƙaramar tashar hayaniya a gefen rediyonka. Fitilun LED marasa inganci da ake sauya na asali da su, da ƙananan kyamarorin gaban mota, su ma haka suke. Mutum nawa ne suka sauya rediyo ɗungurungum alhali caja mai arha ce ke musu ɓarna?

Sai eriya, wadda ita ce kunnen rediyo amma ita aka fi wulaƙantawa. Tsohuwar sandar ƙarfen nan da ake gani a jikin motoci ba a banza aka yi ta kimanin santimita 75 ba. Rubu'in tsawon igiyar FM ke nan, kuma a wannan tsawo ta fi kama ta. Wanda ya karya ta, ko ya sauya ta da 'yar guntuwar kwalliya, ya rage wa kansa nisa da hannunsa. Gindinta ma sai ya taɓa ƙarfen mota sosai, tsatsa a wurin tana kashe ji. Motocin zamani da yawa kuma eriyarsu siraran layuka ce da aka manna a gilashin baya, tare da ɗan akwatin da ke ƙara wa igiya ƙarfi. Mai ƙanƙare sitika da reza yana iya yanke layin bai sani ba, ledar baƙin gilashi mai ƙarfe a cikinta kuma tana iya dusashe shi. Abin da ya fi yawa a 'yan shekarun nan shi ne a cire rediyon asali a sa babban allo mai Android, a manta da wayar da ke kai wuta ga ɗan akwatin nan, galibi shuɗiya ce. Sai a wayi gari allo na ƙyalli, amma tashar da ke unguwar ma da ƙyar ake kamawa.

Da yake yawancin motocinmu na hannu ne, 'yan Kwatano ko waɗanda aka sauke a Legas, ku sani kowane rediyo da ƙasar da aka yi shi dominta. Na Amurka yana tsallake na kilohaz 10 a AM, mu kuma nan Afirka da Turai tazarar tashoshinmu 9 ce. Zai tsaya a 590 ko 600, ba zai taɓa sauka daidai kan 594 ba. A FM kuma mara yake bi, 99.3 sai 99.5 sai 99.7, don haka tashar da ke kan cika, kamar 100.0 ko 96.2, ba za ta fito masa tsaf ba. Rediyon da aka yi don kasuwar Japan kuwa tsohon zangonsa daga megahaz 76 zuwa 90 ne, namu kuma 87.5 zuwa 108, to sai ya kama 'yan tashoshin ƙasa-ƙasa ya bar sauran. Wasu rediyoyin ana iya sauya musu yanki a saitinsu, wasu sai an ƙara musu na'ura. Motocin Honda da yawa na shekarun 2000 kuma, in aka cire batir, rediyonsu yakan kulle ya nemi lambar sirri da aka sa don maganin ɓarayi. Mai sayen irin wannan mota ya tambayi lambar tun ana ciniki, ya rubuta ya ajiye a gida, ba a cikin motar ba.

Na san wani zai ce, Malam, wa ke ta rediyo yanzu? Ga waya, ga Bluetooth, ga filas cike da waƙoƙi da karatu, ga tashoshin ma duk suna intanet. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Norway ma ta rufe tashoshin FM na ƙasa a 2017 ta koma tsarin dijital. Sai dai wayar da kuke taƙama da ita ita ma rediyo ce, igiyarta ma ta fi ta FM gajarta, don haka duk abin da ke tare FM ya fi tare ta. Duk wanda ya yi doguwar tafiya a ƙasar nan ya san dazuzzukan da sabis ke ɗaukewa, ya kuma san ranakun da hukuma kan rufe layukan waya a wasu yankuna saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara a 2021. Rediyo ba ya cin data, ba ya cunkushewa don masu saurare sun yi yawa, kuma shi ke faɗa maka gadar da ruwa ya cinye ko dokar hana fita da aka sa a garin da ka dosa, abin da filas ɗinka ba zai taɓa sani ba. Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, da na Jamus, da Muryar Amurka, sun daɗe da gane cewa rediyon mota ba ya da gajeren zango, shi ya sa suka riƙa ƙulla ƙawance da tashoshin FM na gida. A Amurka kanta, da wasu kamfanoni suka fara cire AM daga motocin lantarki saboda injinsu na jawo masa hayaniya, sai da 'yan majalisa suka gabatar da ƙudurin tilasta barinsa a 2023, hujjarsu kuwa sanarwar gaggawa, kuma a shekarar kamfanin Ford ya janye shirinsa na cirewa. Ƙasar da ta fi mu intanet nesa ba kusa ba tana riƙe da abin, bai kamata mu ne masu saurin yar da shi ba.

Wani kuma zai ce wannan aikin mai wayarin ne, ni ba injiniya ba ne. Ban ce ku zama injiniyoyi ba. Amma wanda ya je shago ya ce kawai rediyona ba ya yi, ya buɗe ƙofar a sayar masa da sabo. Wanda ya ce kukan na bin totur, ko ya ce tun ranar da aka sa allon nan tashoshi suka ragu, ya rage wa mai gyara aiki ya rage wa kansa kuɗi, mai gyara na ƙwarai ma ya fi son irinsa.

Mu zo kan ƙara, inda matasa suka fi zuba kuɗi. Lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwalin rediyo, wat 50 sau huɗu, ƙololuwar ɗan lokaci ce. Abin da yawancinsu ke iya bayarwa a ɗore bai wuce wajen wat 20 ga kowace lasifika ba. In ka murɗa ƙara ta wuce ƙarfinsa, sautin yana fita a tsage, kuma wannan tsagaggen sauti shi ke zafafa lasifika ya ƙona ta. Da ka ji murya ta fara gurgura, ka rage, ba wai ka ƙara bas ba. Wanda zai sa amfilifaya da ufa kuma ya tabbata an sa fis a kan babbar wayar, kusa da batir, domin wayar da ba fis in ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Waɗannan kaya suna jan wuta mai yawa, sauraronsu inji a kashe yana kwantar da batir, batirin mota kuma ba a yi shi don a riƙa tsotse shi ƙarƙaf ba, kowace kwanciya tana rage masa kwana. Amma duk wannan asarar ƙarfe ce, ana sayen wani. Kunne fa? Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, har ya zama a desibel 100 bai wuce kimanin minti 20 a mako ba, motar da aka cika da ufa aka rufe gilashi kuwa tana kaiwa nan cikin sauƙi. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. In ka fito daga mota kunnenka na ƙugi, ko in sai ka ɗaga murya na kusa da kai ke jin ka, ka riga ka wuce gona da iri.

Direbobin dogon zango suna da hujjar da suka fi kafewa a kai: kiɗa mai ƙarfi ne ke hana su gyangyaɗi. Ban ƙi ba, hira ko shiri mai daɗi yana ɗebe kewa a hanyar da ba kowa. Amma barci bashi ne da jiki ke bi, ƙara tana iya jinkirta shi na 'yan mintoci, ba ta biyan sa. Wanda ya kai ga buƙatar ƙure rediyo don idonsa ya zauna a buɗe, abin da yake buƙata shi ne ya sami wuri mai aminci ya tsaya ya runtsa. Ƙarar ma tana ƙwace masa makamin da yake da shi. Direba da kunne yake tuƙi kamar yadda yake yi da ido: hon na wanda ke bayansa, jiniyar motar asibiti, ihun yaron mota, ƙarar tayar da ta fara sacewa, ƙwanƙwasar injin da mai ya ƙare masa. Duk waɗannan gargaɗi ne da ke zuwa kafin ido ya gani, ufa kuma tana binne su. Sa abin saurare a kunnuwa biyu ana tuƙi, musamman ga masu babur da Keke Napep, ya fi wannan muni.

Allon taɓawa ya ƙara dagula lamarin ta wata fuska. Tsohon maɓalli yatsa na gane shi ba sai an kalla ba, shi kuwa gilashi sumul yake, dole sai da ido. Har hukumar Euro NCAP mai gwada amincin motoci a Turai ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa la'akari da ko muhimman abubuwa irin su sigina da hon da waifa suna da maɓalli na zahiri. CarPlay na Apple da ya fito a 2014 da Android Auto da ya biyo baya a 2015 sun rage riƙe waya a hannu, wannan ci gaba ne, amma kada ku ɗauka kiran da ke fita ta lasifika ya zama halak malak. Hannu yana kan sitiyari, hankali kuwa yana wurin cinikin da ake yi ko rigimar da ake sasantawa. Masu ƙera rediyo sun sa wata waya da ke hana bidiyo tashi sai an ja birkin hannu. Masu haɗa ta da jikin mota don fim ya riƙa yi ana gudu, su sani katangar da aka gina don ransu suke rushewa. Direban haya da ke kallon fim da fasinja goma sha takwas a bayansa, amanar da aka ba shi ya ci, ko da Allah ya kai su lafiya.

Akwai kuma haƙƙin wanda bai zaɓi abin da kake ji ba. A motar haya akwai dattijo, akwai mai jego, akwai mai ciwon kai, akwai wanda ke hanyar zuwa gaisuwar mutuwa. Mafi yawan rediyoyi suna da saitin karkatar da sauti gaba ko baya, hagu ko dama. Direba na iya maido shi gaba ya ji abinsa a hankali ba tare da ya kurmantar da na kujerar ƙarshe ba, wanda lasifika ke bayan ƙeyarsa. Wucewa ta gaban masallaci ana salla, ko asibiti, ko makaranta, ko shiga layi da tsakar dare gilashi a sauke ƙasa na girgiza, ba wayewa ba ce, kuma maƙwabta suna lura da ɗan gidan wane ne.

Abin da nake roƙonku mai sauƙi ne, kuma duk ana yin sa mota na tsaye. Ku zauna rana ɗaya ku ajiye tashoshin da kuke so a maɓallan ajiya, na garinku a jeri ɗaya, na garin da kuka saba zuwa a jeri na biyu, don in murya ta ɗauke a hanya latsa ɗaya ta wadatar. Ku koyi maɓallan da ke jikin sitiyari har yatsa ya haddace su. Ku haɗa waya, ku zaɓi abin da za ku ji, ku daidaita ƙara, sannan ku sa giya. In tasha ta shaƙe kuna cikin gudu, ku rage murya ku ƙyale ta har ku sami wurin tsayawa. Kai kuma da kake zaune a kujerar gaba kusa da direba, rediyon nan aikinka ne: ka tambaye shi abin da yake son ji, ka kamo masa, ka bar shi da titi.